Mai safarar 'ya'yanmu, mu ne muke ba ta kujera a biki

1/ Zare ne mai tsawo, wanda zai ji haushi ya ji. Duk sanda aka ce safarar mata, mu 'yan Arewa sai mu waiga Benin da Italiya mu ce Allah Ya shirye su. Alhali a nan Ɗorayi, yaro ma zai iya nuna maka gidan da ake "haɗa tafiya".

2/ Ga abin da nake son faɗa tun farko: mai safarar ta gida ce. Hajiya ce, da hijabinta har ƙasa, da haƙorin Makka, da turaren da ake jiyowa tun daga bakin layi. Mu muke ba ta kujera a biki. Yarinyar da ta sayar kuwa, ita muke nunawa da baki in ta dawo.

3/ Mu fara daga tushe. Sharaɗa, Challawa, Bompai. Iyayenmu sun ci abinci a masaƙu da majemun wuraren nan, da albashin wata, da hutu. Rashin wuta da kayan waje suka durƙusar da da yawansu. Ku bi hanyar Panshekara ku ƙirga ƙofofin da ciyawa ta cinye.

4/ Waɗanda suka rage, na roba da na alawa da na leda, yawanci aikin kullum-kullum ne. Babu takardar ɗaukar aiki. Yarinya ta fita tun asuba, ta yini a tsaye, kuɗin adaidaita ya cinye rabin abin da ta samo. Ko kuma bazawara ce mai 'ya'ya uku da tsohon miji ya manta da su.

5/ Ita ce Hajiya take nema. "'Yata, wannan wahalar har yaushe? Akwai aikin gida a Saudiyya, riyal za a biya ki, ki yi Umara, ki gina wa Mama ɗaki. Fasfo da biza da tikiti duk ni zan yi, kya biya a hankali." Wace ce za ta ce a'a ga Ka'aba?

6/ Wannan "kya biya a hankali" shi ne tarkon. Bashi ne da ba a rubuta ba, kuma ba ya ƙarewa. Tana sauka a karɓe fasfo. Albashin watanni ya wuce aljihun ejan. In ta yi magana a tuna mata kuɗin jirgi, kuɗin abinci, har kuɗin katifar da take kwana a kai.

7/ A ƙasashen Larabawa da yawa akwai tsarin kafala: zamanki a ƙasar yana rataye a wuyan wanda ya ɗauke ki. Saudiyya ta sassauta tsarin a 2021, amma gyaran bai haɗa da masu aikin gida ba. In mai gida ya matsa miki kika gudu, ke ce mai laifi a idon hukuma.

8/ To wacce ta gudu ba fasfo, ba takarda, ba Larabci, ina za ta? Hannun wata Hajiyar, mai ɗakin da ake tara irinta. Daga nan ne ake cewa ta "fita ta nemo". Kalmar tikari da muke tsokana da ita, wallahi akwai hawaye da yawa a ƙarƙashinta.

9/ Wasu ma ba sa ganin jirgin. A ce musu za a bi ta ƙasa, ya fi arha. Kano, Daura, Damagaram, Agadas, sai Sahara a bayan Hilux, sai Sabha a Libiya. A can akwai gidajen da ake kulle mata, a tilasta musu kwana da maza har sai sun "biya kuɗin mota".

10/ Hanyar nan tana cin rai. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Yara 52, mata 33. Akasarinsu daga yankin Kance suke, kusa da Damagaram. Hausa suke ji, kamar ni da kai.

11/ Kasuwa ce ta duniya fa. Hukumar IOM ta ce matan Nijeriya 1,454 ne suka shiga Italiya ta teku a 2014. A 2016 sun haura 11,000, kuma ta ƙiyasta kashi 80 cikin 100 na iya zama waɗanda aka yi safararsu don karuwancin dole.

12/ A 2017 CNN ta nuna bidiyon gwanjon mutane a Libiya. A 2019 shugabar NAPTIP ta lokacin, Julie Okah-Donli, ta ce 'yan matan Nijeriya kusan 20,000 ne suka maƙale a Mali. A 2020 wani a Labanan ya saka hoton 'yar Nijeriya a Facebook ya sa mata farashi, dala 1,000.

13/ Na san mai cewa "ai da ƙafarta ta tafi". Ta tafi aikin wanke-wanke ne, malam. Abin da ta amince da shi ke nan. Yarjejeniyar Palermo ta 2000 ta fayyace: in an yi amfani da yaudara ko tilas, amincewar wadda aka yaudara ba ta wanke mai laifi.

14/ Na san mai cewa "kwaɗayi ne". To ita Hajiyar da ta gina bene da jikin 'ya'yan mutane, me za mu kira nata? Me ya sa kwaɗayin mai neman kuɗin magani ya fi ba mu haushi a kan na wadda ta sayar da ita?

15/ Ku tuna 2019, da 'yan sanda suka gano yaran Kano tara da aka sace aka kai Anambra. Gari ya ɗauka, masallatai suka ɗauka, nan ma muka cika da rubutu. A 2021 kotu a Kano ta yanke wa Paul Owne shekara 104. Daidai ne. Haka ya kamata.

16/ Amma ina wannan zafin yake in mai safarar 'yar unguwa ce, tana jin Hausa, tana raba dabino da zamzam? Sai a ce a rufa asiri, a sasanta a zaure. Asirin wa ake rufawa? Yarinyar dai nata ya riga ya tonu a bakin matan layi.

17/ A Benin, masu safara rantsuwar tsafi suke sa 'yan mata su yi don kada su tona. A Maris 2018 Oba Ewuare II ya tara bokayen ya warware rantsuwar a bainar jama'a, ya tsine wa masu yi. Sarki guda ya taɓa makamin da suka fi dogara da shi.

18/ Mu nan ba sa buƙatar boka. Kunya ta ishe su. Hajiya ta san yarinyar ba za ta faɗa ba, don in ta faɗa ba mai aurenta, ƙannenta ma sai abin ya shafe su. Duk wanda ya kira wadda ta dawo da mummunan suna, aiki yake wa Hajiya kyauta.

19/ Don haka nake tambayar limamanmu da masu unguwanni: yaushe za mu ji huɗuba a kan ejan? Hisba tana kama 'yan mata a otal-otal, muna gani a bidiyo. Muna son ganin wanda ya kai su, da wanda yake karɓar kuɗin a ƙarshen dare, fuskarsu a buɗe.

20/ Doka tana nan. An kafa NAPTIP a 2003, an sabunta dokar a 2015, kuma suna da ofishin shiyya a Kano. Safarar mutum laifi ne na ɗauri. Ba maganar da mai unguwa zai kashe a ƙofar gida ba ce da "a yi haƙuri, 'yar uwa ce".

21/ 'Yar uwa, in an kawo miki tayin tafiya, ki tambaya: sunan kamfanin da ke ɗaukar aikin da lasisinsa daga ma'aikatar ƙwadago, takardar kwantiragi da za ki karanta da kanki, da irin bizar. Bizar Umara ko ta ziyara ba ta aiki ba ce. In aka ce kar ki gaya wa kowa, ki gaya wa kowa.

22/ Iyaye, in riyal ya fara shigowa ku tambayi wane aiki ake yi. Ku nemi yin magana da ita ta bidiyo, ita kaɗai a ɗaki. In kullum sai ta wayar Hajiya ake samunta, akwai magana. Shirun da aka saya da kuɗin cefane, ranar gobe za a tambaye ku a kansa.

23/ Samari, mu ma da namu. Wanda yake biyan kuɗi a ɗakin nan namiji ne. Direban Hilux namiji ne. Mai buga takardun bogi namiji ne. Wanda ya saki mace da goyo bai waiwaye ta ba har ta faɗa hannun ejan, shi ma yana cikin lissafin.

24/ In wata ta dawo layinku daga Libiya ko daga tarhil, ku gaishe ta kamar kowa. Ku raka ta NAPTIP in tana son magana, ku tsaya mata shaida. Ita kuma Hajiya, bikin da ke tafe, a bar ta a tsaye.