Jiki ma asusu ne



Wannan karo zancenmu kan mai jiran a yi mashi aikin huhu ne. Kansar huhu in an gano ta da wuri, likita na iya yanke wurin da ya lalace, mutum ya rayu. Amma likitoci sun lura da wani abu: wanda naman jikinshi ya zube kafin aiki ya fi shan wahala bayan aiki. Ciwon bai saurin warkewa, ya kan daɗe kwance, kuma sanyin haƙarƙari ya fi kama shi, don ba shi da ƙarfin tarin da zai fidda majina. Numfashi da tari duk da ƙarfin tsoka ake yin su.

Mu da muka san asusu mun gane wannan. Wadda ba ta yi zubi ba, mi za ta ɗauka ranar rabo? To, tsoka ita ce zubin jiki.

Kada ƙiba ta ruɗe mu, ana iya samun mai teɓa da tsokarshi ta tafi. Mu duba: yana tashi daga tabarma ba tare da ya dafa ba? Riƙon hannunshi ya saki? Damtse da cinya sun sirance?

Mun saba in za a kai mara lafiya Yamai, mu buɗe asusun taimako don kuɗin mota da magani, amma a gida kunu tsurarsa ake ba shi. Kunu kaɗai bai gina tsoka. A haɗa da wake, ƙuli-ƙuli, ƙwai, nono, kifi ko kwaɗon zogale, kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini. In mace ce kwance, kada a ba ta ragowar kwano. A kama mata hannu ta taka safe da yamma, a raba ta da hayaƙin murhu. Mai shan taba ya aje ta tun yau.

Tarin da ya wuce sati 2, ko mai jini, ko mai tafe da rama, a tafi likita a yi awon majina. Maganin tarin fuka kyauta ne. In ba shi ba ne kuma tarin bai bari ba, a koma, a nemi hoton ƙirji.

A taron satin nan, kowace ƙungiya ta tattauna: tiya nawa ta wake za mu ware wa mai jinya? Allah ba mu lafiya.