Wa ya ce muku Daniel Plainview gwarzo ne?

Akwai matasanmu da ke tura wa juna guntayen wani fim na Amurka a waya, suna cewa ga namijin duniya, haka ake neman kuɗi. Fim ɗin shi ne There Will Be Blood na 2007, wanda Daniel Day-Lewis ya fito a matsayin attajirin man fetur Daniel Plainview, har ya ci kyautar Oscar. To tsakani da Allah, kun kalle shi har ƙarshe?

A 1911 mutumin nan ya shiga wani ƙauyen talakawa a Kaliforniya, wai farautar tsuntsaye ta kawo shi, alhali ya san akwai mai a ƙasan gonakinsu. Ya saye filayen da araha, ya tara jama'a ya yi musu alkawarin makaranta, rijiyoyi da hanya. Marayan da ya riƙe ma talla yake yi da fuskarsa don a ce shi mai iyali ne. Da rijiyar mai ta fashe yaron ya kurmance, sai ya saka shi a jirgin ƙasa ya sulale. Ƙarshensa: ƙaton gida, kwalbar giya, gawar mutum a gabansa.

Mu fa a labarin nan 'yan ƙauyen ne. Shekara 100 cif bayan wancan zuwan, a 2011, aka buɗe matatar SORAZ a jiharmu ta Damagaram, tana tace man Agadem. Maganar mai ta zo ƙofar gida, kuma masu irin wannan hali ba sai da fetur suke zuwa ba. Wanda ke ba manomi bashi da damina ya kwashe geronsa da kaka a wulaƙance, ya kulle sito sai rumbuna sun ƙare ya ninka kuɗin tiya, ai ɗan'uwan Plainview ne.

Za a ce kasuwa ce, kowa wayonsa ya fisshe shi. A'a. Kasuwa sai da yardar mutum biyu da suka san abin da ake sayarwa. Ribar da aka gina kan yunwar wani ko rashin saninsa, sunanta zalunci.

Don haka duk baƙon da ya taya gona ko makiyaya, a tambaye shi me zai yi da ita, a kira maigari da shaidu, alkawari ya hau takarda. Ku kuma samari, ku ƙarasa fim ɗin kafin ku zaɓi gwani.