Kaurin majina ba hujjar shan antibayotik ba ne

Da zarar hunturu ya kankama, masu mura sukan cika kemis, kuma buƙatarsu kusan ɗaya ce: a ba su Ampiclox ko Amoxil, wai majina ta yi kauri ta koma kore. Wannan hujja ba ta da tushe. Majina yawancinta ruwa ne, hanci ke yin ta don ta tare ƙura da ƙwayoyin cuta. Idan iska ta bushe, mutum kuma ya rage shan ruwa saboda sanyi, sai ta yi danƙo ta toshe hanci. Ƙura da hayaƙin itace da taba su ƙara dagula lamarin. Koren launin kuwa daga fararen ƙwayoyin jini yake, waɗanda jiki ke turawa su yaƙi cuta, kuma yana bayyana ko da bairos ne ya kawo murar. Yawancin mura bairos ke kawo ta, shi kuwa antibayotik ba ya kashe bairos.

Wani zai ce ai ya sha ya warke. Mura dama takan wuce da kanta cikin kwana 7 zuwa 10, sai maganin ya samu yabon da bai cancanta ba. Illarsa kuwa tana nan: shan sa barkatai na sa ƙwayoyin bakteriya su daina jin magani. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa wannan bijirewa ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma a Afirka ta Yamma abin ya fi muni. Abin da majina mai kauri ke buƙata ya fi araha: yawan shan ruwa, sirace, takunkumi a ranar ƙura, da wanke hanci da ruwan da aka tafasa ya huce, an zuba masa ɗan gishiri. Maganin fesawa irin Otrivin yana buɗe hanci, amma idan ya wuce 'yan kwanaki toshewar takan dawo fiye da da.

Gaskiya ne asibiti na da nisa da tsada ga mutane da yawa, kuma wani lokaci bakteriya kan shiga kogunan fuska har a buƙaci antibayotik. Amma wannan yana da alamominsa: mura ta haura kwana 10 ba sauƙi, ko ta lafa ta dawo da ƙarfi, ko zazzaɓi mai zafi da ciwon fuska, ko kumburi a gefen ido, ko numfashin yaro ya yi sama-sama. Waɗannan ne ya kamata mai kemis ya tambaya kafin ya miƙa hannu kan kanta, idan ya same su kuma ya tura mutum wurin likita.