Labari Ma Sai An Yi Masa Sassabe

Kwanan baya a Gazawa, muna zaune a fada ana jiran shayi na biyu, wani saurayi ya miƙo mini littafin lakol duk ya cika shi da jan biro. "Malam, ga fim na rubuta, a duba mini." Na duba. Saurayi talaka, budurwa 'yar Alhaji, gidan bene a Kano, kowa na magana da Kananci, alhali marubucin bai taɓa wuce Maraɗi ba. Shafi tara na farko gaisuwa ce zalla. Na ce ya koma ya sake. Fuskarsa ta sauya. "Malam, ai na gama. Mun ma aro wayar, Lahadi za mu ɗauka."

Wannan "na gama" ita ce cutar da ke cin yaranmu masu sha'awar finafinan Dandalin Soyayya, daga Agye har Gidan Runji. Waya ta sa ɗaukar hoto ya yi araha, sai suka zaci rubutu ma ya yi araha. Ban ga laifinsu duka ba. Sun tashi suna ganin sunan jarumi a manyan baƙaƙe, na marubuci kuwa yana wucewa kafin a ƙifta ido, kuma abin da furodusa ke ba marubuci sau da yawa bai kai kuɗin ɗinkin jaruma ba. Wa zai so ya shekara biyar yana koyon sana'ar da ba a tafa wa mai ita?

To amma ko a Kano ba da dare ɗaya aka fara ba. 'Yan Tumbin Giwa sun daɗe suna wasan kwaikwayo kafin su fitar da Turmin Danya a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu sai da suka goge a rubutun littafi, masu karatu suka yaba suka kushe, sannan labaransu suka hau faifai. A nan gida, Umaru Ganda ya yi soja a Indochine, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, ya fito a fim ɗin Jean Rouch a 1958. Sai bayan kimanin shekara goma ya yi nasa na farko, Cabascabo, labarin tsohon soja da ya dawo gida abokai suka cinye masa ɗan abin da ya tara. Abin da ya gani da idonsa ya rubuta. A 1972 ya ɗauko babbar kyautar FESPACO a Wagadugu.

Mu mutanen wannan yanki ma ba mu da hujjar rashin gane haƙuri irin wannan, don a gonakinmu aka yi shi. Duk wanda ya je Ɗan Saga a gundumar Agye ya ga abin da sassaben zamani ya yi tun daga shekarun 1980. Manomi ya tarar da kututture ya yi tofo goma sha, ba ya barinsu duka, ba ya kuma sare su duka. Yakan zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi, ya datse sauran, baɗi ya dawo ya sake gyarawa. Sai an jima kafin a zauna a inuwa. Haka na ce wa yaron nan ya yi wa littafinsa: kowace fitowa ya tambaye ta me ta sauya a labarin, in babu, ya sa mata wuƙa ko da ita ya fi so. Nan ne yake da zafi, kuma nan ne mafi yawa suke ajiye biro.

Sai kunne. Maganar fim ba a ɗaki ake ƙirƙiro ta ba. A zauna kusa da dillalin aya a ji yadda yake karya farashi ba tare da ya ce a'a ba. A saurari tsohuwa tana yi wa surukarta habaici da sunan akuya. Bagobirin Tibiri da Bakatsinen Gazawa ba karin harshe ɗaya suke yi ba, kuma marubucin da ya iya raba su a takarda ya riga ya mallaki abin da ba a saye a Kano. Labari kuwa ga shi nan zube. Tun 2019 mutane ke tsallako iyaka daga Sakkwato da Zamfara, suna gudun 'yan bindiga, aka sauke su a garuruwan gundumar Gidan Runji irin su Cadakori. Mai gida da baƙonsa, rijiya ɗaya, rumbu ɗaya da bai cika ba. Har yau ban ga wanda ya zauna ya rubuta wannan da natsuwa ba, kowa na can gidan benen Alhaji.

Yaron dai bai fasa ɗaukar fim ɗinsa ran Lahadi ba. Amma bayan wata uku ya aiko mini da hotunan wasu shafuka bakwai ta WhatsApp. Babu Alhaji, babu mota. Wani ɗan kabu-kabu ne da ya ɓatar da jika ashirin na adashen uwarsa, yana ta zagaya gari ya kasa shiga gida. Shafi na huɗu ya yi kyau ƙwarai. Sauran shida na mayar masa.