Arlit: Ciwon gaɓoɓin da ba ya shiga rajistar kamfani

Duk lokacin da aka tayar da zancen lafiyar ma'aikatan yuraniyom a Arlit, hankali kan koma kan tururin ma'adinin, ƙura da cutar sankara. Hakan ya dace. Sai dai sanyin ƙashi, ciwon baya da na gwiwa su ma suna cin ma'aikaci sannu a hankali.

Tun 1971 kamfanin Somaïr ke haƙa a Arlit, Cominak kuma ya yi aiki a ƙarƙashin ƙasa a Akokan daga 1978 har aka rufe shi ranar 31 ga Maris 2021. Shekaru ana tuƙa manyan motocin dutse masu jijjiga, ana ɗaukar kaya ana sunkuyo, dole jiki ya ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.71 ke fama da cututtukan ƙashi, tsoka da gaɓoɓi a duniya.

Lissafin da aka saba yi a wuraren aiki shi ne ƙirga kwanakin fashi, kuma a nan gizo ke saƙar. Leburan ɗan kwangila da ake biya bisa kwanakin da ya yi ba ya fashi. Zai haɗiyi maganin kashe zafi ya fito, ya yi rabin abin da ya saba. Rajista ta nuna ya zo, alhali aiki ya ragu, gwiwa kuma ta ƙara lalacewa.

Akwai ma'auni mai sauƙi da likitoci ke amfani da shi, WPAI: tambayoyi shida kan kwanaki bakwai da suka wuce. Awa nawa ciwo ya hana mutum aiki? Awa nawa ya yi? Daga 0 zuwa 10, yaya ciwon ya rage masa ƙwazo a wurin aiki da kuma a gida? Mayar da su Hausa da Tamashek ba zai ci kuɗi ba.

Hatsarinsa ɗaya ne: ma'aikacin da ke tsoron sallama ba zai faɗi gaskiya ba. Don haka amsoshin su tsaya hannun likita, kamfani ya ga jimilla kawai, babu sunaye.

A Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta mayar da Somaïr mallakarta, nauyin ya dawo wuyanta. Ya kamata ƙungiyoyin ƙwadago su nemi a riƙa wannan awo duk shekara, har da leburorin 'yan kwangila da tsofaffin ma'aikatan Cominak, a kuma miƙa sakamakon ga asusun CNSS. Da alƙaluma a hannu ne za a iya neman sauya wa mai ciwo wurin aiki, ko biyan sa diyya.