Yumɓun Gida Ya Fi Dacewa da Ɗakin Ginin Tukwane na Makaranta

Jama'a, makarantar da ke son koya wa yara ginin tukwane ta fara da yumɓun garinta kafin ta sayi na kanti. A 1942 Michael Cardew ya zo aikin tukwane a Kwalejin Achimota da ke Gana, daga baya ya koma Vume a bakin kogin Volta, garin da ya shahara da yumɓu da magina. Ƙasar da za a haƙo ya bi.

Gwajinta ba wuya. Yaro ya mulmula yumɓu siriri, ya naɗa a yatsa. In ya tsage, yashi ya yi yawa. In danƙo ya wuce kima, a daka tsingaro a zuba, domin kada tukunya ta fashe a wuta.

Malami kuma ya raba mazubi. Jan yumɓu yana gasuwa a zafi kusan digiri 1000, farin kuwa sai ya haura 1200. In aka haɗa su a wuta mai tsanani, jan zai narke ya ɓata aikin kowa. Ragowar da ba a gasa ba a jiƙa ta, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu.

Shugabannin makarantunmu na zango su gayyato tsofaffin magina, su nuna wa yara inda ake haƙa.