Na ɗaya a aji, sai kuma me?

1/ Jiya ƙanwata ta kawo takardar sakamako, ta zo ta ɗaya a SS2. Gidanmu a Achika ya kaure da guɗa, Baba har da alƙawarin kaza. Na taya ta murna, amma wallahi gabana faɗuwa ya yi, don na san inda wannan hanyar ta kai ni. Ku biyo ni.

2/ Ni ma tun daga JSS1 har na gama ban taɓa wuce na uku ba. A gari "Likita" ake ce min. Na zauna JAMB, 168 na ci. Shekara biyu ina gida ina taya Baba noma, masu ce min Likita suna kau da kai in mun haɗu.

3/ Abin da ba wanda ya faɗa mana: babu inda matsayinka a aji yake shiga lissafin samun gurbi a jami'ar Najeriya. Makin JAMB ake dubawa cikin 400, da kiredit biyar a WAEC ko NECO har da Turanci, sai tantancewar jami'a. Shi ke nan fa.

4/ Na ɗaya yana nufin ka fi 'yan ajinku ne kawai. In ajin bai taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba, ba a gama manhajar Fiziks ba, to ka fi su a cikin ɗan abin da aka koya muku. A JAMB kuwa da yaran Legas da Abuja za ka kara, kuma a kan kwamfuta. Ni sati biyu kafin jarrabawa na fara taɓa ta.

5/ Ba ƙaramar gasa ba ce. A sakamakon farko da JAMB ta fitar a 2025, cikin mutum sama da miliyan 1.9, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. Ku ƙiyasta 'yan na ɗaya nawa ne a ciki.

6/ Wani zai ce ai akwai kaso. E, akwai. A jami'o'in tarayya kashi 45 na cancanta ne, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko, Kano ma tana ciki. Amma kason jiha yake gani, ba ya ganin makaranta.

7/ Wato ɗan Nasarawa GRA mai makarantar kuɗi da malamin lesin a gida, da ɗan Achika mai karatu da fitilar waya, kwando ɗaya aka zuba su: "'yan Kano". Wa kuke zaton zai cinye kason?

8/ A jihar Texas ta Amurka, tun 1997 aka yi doka cewa duk wanda ya gama sakandare cikin kashi 10 na saman ajinsu yana da gurbi a jami'o'in gwamnatin jihar. Hujjar mai sauƙi ce: yaron da ya yi fice a inda aka ajiye shi, da ɗan abin da aka ba shi, ya nuna wani abu.

9/ Mu ga jami'a a Wudil, ta kimiyya da fasaha da yanzu take ɗauke da sunan Aliko Dangote, ta jiha ce, da kuɗin Kanawa aka gina ta. Me zai hana jami'o'in jiharmu su ware gurabe ga zakarun kowace makarantar gwamnati a ƙananan hukumomi 44, in dai sun cika kiredit da mafi ƙarancin makin JAMB?

10/ Na san abin da za ku ce: sai a fara sayar da na ɗaya, ɗan maigari ya zama haziƙi dare ɗaya. Gaskiyarku. Shi ya sa ba da takardar malamin aji za a auna ba. A jera 'yan kowace makaranta da jarrabawar da aka tsara daga waje, kamar kwalifayin ko NECO.

11/ Wasu kuma za su ce rage inganci ne. Ni da na ci 168, da na samu wanda ya koya min abin da aka tsallake mana, na ci 231, yanzu ina aji uku, ban taɓa maimaita kwas ba. Kan nawa ɗaya ne tun farko.

12/ Kafin gwamnati ta ji mu, iyaye da yayye, don Allah ku sauya tambaya. Bayan "na nawa ka zo?" ku ƙara da "kun gama manhaja? Ka gwada tambayoyin JAMB na baya? Nawa ka ci?"

13/ Ƙanwata za ta ci kazarta, ta cancanta. Amma daga Asabar ɗin nan zan riƙa kai ta Wudil tana zama gaban kwamfuta awa biyu.

14/ In kai ma ka taɓa zama na ɗaya kuma JAMB ta zaunar da kai, faɗi naka a ƙasa. A tura wa ɗan majalisar jiha mai wakiltar yankinku.